Mai Suyar Tarwaɗa Ya Je Gashi

Duk wanda yunwa ta taɓa kamawa a hanyar garin Eufaula na jihar Alabama ya san gidan abincin Tillery, can inda titi ya karkata ya gangara bakin tafki. Tarwaɗa ake soyawa a wurin, a birkiɗa ta cikin garin masara da barkono a tsoma a tafasasshen mai, kuma tun ranar da aka kafa allon gidan hannu ɗaya ne ke tsomawa, hannun Cleophus Tillery. Matarsa Ozella ce a gaba tana tarbar mutane, shi yana ciki gaban wuta, tsakaninsu 'yar tagar da ake miƙa faranti. Sun haura shekara arba'in tare, amma da za a tara hirar da suka yi a zaune su biyu, ba yaro ba baƙo, da ƙyar ta cika mako guda. Ranar Asabar aka ɗaura musu aure a coci, Litinin suka buɗe shago. 'Ya'ya suka zo, jikoki suka biyo baya, mai bai taɓa hucewa ba.

Cleophus ƙato ne mai sanƙo, ba shi da yawan magana, kuma ba ya shiri da asibiti. Haka wansa Elroy yake, shi ma ya daɗe yana fama da fitsari yana ɓoyewa, har sai da cutar ta shiga ƙashi. Bayan an binne Elroy, Renita, babbar 'yar Cleophus, ta ɗauke makullin motar uban, ta ce ba zai sake ganinsa ba sai ya je an ɗebi jininsa. Ya je yana gunaguni. Aka ɗebi jini, daga baya aka ɗebi tsoka, sakamako ya fito cewa ciwon daji ne a furostet, 'yar ƙullutuwar nan da ke ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji. Likitan da ya duba shi a Dothan ya ce a gode wa Allah, an kama ta da wuri, ba ta fita ko'ina ba. Ya jera masa hanyoyi: ko a yi aiki a cire, ko a yi gashi irin wanda aka saba, ko kuma ya tafi Jacksonville, inda akwai wata cibiya da ke gashi da wasu ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, waɗanda ake kira furoton.

A gida Cleophus ya ce ya zaɓi Jacksonville ne don ba ya son wuƙa. Ba ƙarya ya yi ba, sai dai bai faɗi duka ba. A shagon aski ya sha jin tsofaffi suna rage murya in an zo maganar wane da aka yi wa aiki, a ce ya warke dai, amma fa shi da matarsa sun koma wa da ƙanwa. Wannan ce ta tsaya masa a rai, har ta fi mutuwar ma damunsa. Wani ya gaya masa wai shi furoton ba ya ɓarna a gefe, sai ya kama maganar ya riƙe da hannu biyu, bai tambayi kowa ba.

Wata biyu aka ce za su yi. Renita ta karɓi kicin, uban ya yi ta nanata mata yadda ake gane mai ya yi, kamar ba a wurin ta girma ba, har sai da ta tura shi cikin mota ta rufe ƙofa. Suka kama haya a wani ƙaramin gida kusa da kogi. Safiyar farko, kowa ya tashi da wuri kamar yadda jiki ya saba, suka zauna a tebur suna kallon juna, ba kifin wankewa, ba wanda zai ƙwanƙwasa. Ozella ta tambaye shi ko ya yi barci, ya ce ya yi. Ya tambaye ta, ta ce ta yi. Shi ke nan magana ta ƙare, kowa ya koma kan kofinsa.

A cibiyar aka yi masa abubuwan da ake yi wa kowa. Aka dasa masa 'yan ƙwayoyin zinariya ƙanana a cikin furostet don na'ura ta riƙa ganin inda take, aka yi masa mazubin da zai riƙe ƙafafunsa kada ya motsa, aka ɗiga masa alama a kwatangwalo. Sannan aka gaya masa doka: kullum kafin gashi zai sha ruwa ya cika mafitsara ya riƙe, domin cikakkiyar mafitsara tana ɗagewa ta kauce wa hanyar hasken.

Ɗakin jira cike yake da dattawa, kowa da gorar ruwa a hannu, wasu sun harɗe ƙafa suna karkaɗawa. Cleophus ya nemi lungu zai zauna, sai wani dogon Bature jajur ya yafito shi. Sunansa Orrin Haugland, manomin masara da waken suya daga Minnesota, ya riga shi farawa da makonni.

"Sabon shiga, zo nan kusa da ƙofar bayi," in ji shi. "Nan ce kujerar manya. Me kake yi a garinku?"

Cleophus ya ce kifi yake soyawa. Orrin ya juya ya sanar da ɗakin gaba ɗaya cewa ga wanda ya ƙare rayuwarsa yana gasa bayin Allah, yau shi ma an kawo shi gashi. Aka kwashe da dariya. Cleophus ya ɗaure fuska ya ce shi suya yake yi, gashi aikin malalata ne. Wannan ta fi ta farkon ba su dariya, har wani tsoho ya roƙe su su bari don Allah, in ba haka ba zai yi a wando a sake sa shi shan ruwa.

Orrin ne ya fara ba shi labarin balan-balan, kuma Cleophus ya ɗauka tsokana ce. Ashe gaskiya ce. Kafin a kunna na'ura, ana sa wa mutum 'yar balan-balan ta baya a cika ta da ruwa, don ta tokare furostet ta tsaya wuri guda. Da ya fito ranar farko, fuskarsa kawai suka kalla, suka tashi tsaye suna tafa masa. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, amma kafin ya kai mota ya kama kansa yana murmushi. Ozella ta tambaye shi me ya faru, ya ce ba komai, maganar maza ce.

Shi kansa gashin ba ya da zafi. Ya kwanta, wata ƙatuwar na'ura ta juyo ta tsaya a gefen kwatangwalonsa, a ji 'yar ƙara, kafin ya gama addu'a an ce ya sauka. Abin da ya fi wahalar da shi allura ce da aka yi masa don kwantar da sinadarin maza a jiki, wanda aka ce shi cutar ke ci ta girma. Wata rana suna cikin kanti yana tura keken kaya, sai ya ji zafi ya taso masa daga ƙirji ya haye wuya, sanƙonsa ya jiƙe sharkaf. Ya tsaya gaban firijin madara ya buɗe, ya cusa kai. Ozella ta dube shi, ta gane, ta riƙe keken tana dariya har da hawaye. Ta tuna masa shekarun da ita ta yi wannan fama lokacin da al'adarta ke ɗaukewa, tana fifita a gaban baƙi, shi kuma yana leƙowa ta taga yana ce mata raki ne. Ta zaro maficin da take zuwa coci da shi daga jaka ta miƙa masa.

"Riƙe, maigida. Raki ne, zai wuce."

Ya karɓa ya hau fifita. Daga ranar maficin ya koma aljihunsa, kuma a ɗakin jira sai da aka riƙa aronsa.

Sun kusa rabin zamansu sai wata safiya na'urar ta tsaya. Dattawa sun sha ruwa sun cika, lokaci ya yi ya wuce, ba a kira kowa ba. Hira ta mutu. Orrin da bakinsa ba ya rufuwa ya yi gum, yana kallon silin yana motsa leɓe. Can sai ga Likita Arroyo, wadda ke kula da yawancinsu, 'yar gajeruwa mai saurin tafiya, ta fito ta ba su haƙuri. Ta ce masu gyara suna kai, amma zai ɗauki lokaci, kowa ya je ya rage, in an gyara a sake sha. Ba ta rufe baki ba kujeru suka yi ƙara. Mutanen da ke tafiya da sanda ranar an ga saurinsu, kuma Cleophus, da yake yana kujerar manya, shi ya fara shiga.

Da aka dawo kowa fuska a sake, likitar ba ta tafi ba, ta jawo kujera ta zauna cikinsu. Orrin ya tambaye ta wai mene ne ma a bayan bangon nan da in ya yi tari duk su shiga uku. Ta ce wata na'ura ce mai nauyin gaske da ke juya ƙwayoyin furoton tana ƙara musu gudu, sannan a koro su ta bututu zuwa ɗakin da mutum ke kwance. Bambancinsu da hasken gashi na yau da kullum shi ne, wancan yana shiga jiki ya ratsa ya fita ta ɗaya gefen, su kuwa suna tafiya iya nisan da aka auna musu, su sauke yawancin ƙarfinsu a nan, su tsaya.

Cleophus bai cika tambaya ba, amma wannan ta taɓa sana'arsa. Ya ce shi ya san wutar gas da wutar itace, ko ma'auni ya nuna zafinsu ɗaya, ba sa cin kifi iri ɗaya. To su ta yaya suka san adadin da zai kashe cuta bai ƙona mutum ba?

Likitar ta ce ai tambayar da masana ke ta kai da kawowa a kanta ke nan. In aka ba tsoka furoton da wancan hasken daidai wa daida, furoton ya fi yi wa ƙwayoyin cuta illa, kuma abin da aka daɗe ana aiki da shi shi ne ya fi da kamar kashi ɗaya cikin goma, don haka sai a rage adadin gwargwadon haka. Amma wannan lissafi ne na tsaka-tsaki. A daidai inda ƙwayoyin ke tsayawa, cizonsu ya fi haka, kuma wata tsoka ta fi wata jin jiki. Shi ya sa ake shigo da su ta gefe, ta kwatangwalo, don kada ƙarshen tafiyarsu ya dira a kan hanji. Ta ƙara da cewa a wasu ƙasashe ana amfani da ƙwayoyin da suka fi furoton nauyi, masu cizo ninki biyu ko fiye. Orrin ya ce a bar wa masu shi, shi wannan ma ya ishe shi.

Wani ya tambaya ko ke nan nasu ya fi na kowa. Ta girgiza kai. Ta ce yana kashe cutar sosai, wannan ba ta shakka, kuma yana rage hasken da ke watsuwa a sauran jiki. Amma ko masu yin sa sun fi masu yin wancan samun sauƙin abin da ke biyo baya, har yanzu ana bincike, ba za ta yi musu alkawarin da ba ta da tabbas ba.

Ba wannan Cleophus ya so ji ba. Da ta tashi ya bi ta zuwa baranda, yana murza hularsa a hannu. Ya ce yana da wani aboki a garinsu, mai irin wannan ciwo, mai iyali, yana so ya san ko bayan an gama zai koma kamar da. Likitar ta dube shi ba ta yi ko murmushi ba. Ta ce wasu suna komawa, wasu sai da taimakon magani, wasu kuma abin yana raguwa a hankali, ya danganta da shekaru da lafiyar jijiyoyi da yadda mutum yake tun farko. Abin da allura ta kwantar kuwa yakan farfaɗo in ƙarfinta ya fita.

"Ka gaya wa abokin naka ya zo da matarsa mu zauna mu uku," in ji ta. "Maganar ba tasa ba ce shi kaɗai."

Bai kai saƙon ba. Kwanakin da suka biyo baya ya koma shiru-shiru, yana zama a baranda yana kallon jiragen ruwa, yana kiran Renita a waya yana tambayarta ko ta tace mai. Ozella ta lura, amma ba ta matsa ba. Ita a lokacin ta sami abin yi. Matan da suka rako mazajensu suna da nasu zaman a wani ɗaki, kuma ta ƙulla ƙawance da Marlys, matar Orrin, wata siririya mai farin gashi da ta taɓa koyar da iyo a makaranta. Da Marlys ta ji cewa Ozella ta tsufa a bakin tafki amma ba ta taɓa shiga ruwa ya wuce gwiwarta ba, sai ta ja ta kanti suka sayi rigar iyo, shuɗiya mai furanni, ta fara koya mata a tafkin wanka na gidan da suke haya.

Wata Asabar da ba gashi, Ozella ta ce ya kai ta bakin teku. Ya kafa kujera a yashi ya zauna da hularsa, ita ta cire rigar sama ta nufi ruwa. Bai taɓa ganinta cikin irin wannan shiga a fili ba, ya waiga hagu da dama ko wani na kallo, sai ya ga shi kaɗai ne ke kallo. Ta shiga har ƙugu, igiyar ruwa ta ture ta, ta tashi tana tari tana dariya, ta kwanta rigingine kamar yadda aka koya mata, ruwa ya ɗauke ta. Sai ta miƙe ta yafito shi. Ya nuna mata wandonsa. Ta ci gaba da yafitowa har ya naɗe ƙafar wando ya shiga, yana taka ruwan kamar mai tsoron ya fashe.

Ta kama hannunsa biyu. Ta ce masa ta je wurin Likita Arroyo da kanta, ta yi mata duk tambayoyin da ke ranta, domin a ɗakin mata ba abin da ba a faɗa, sun fi mazan sanin abin da ake ciki nesa ba kusa ba. Ta ce likitar ba ta gaya mata komai game da shi ba, ta dai ce ƙofa a buɗe take in sun so zuwa tare. Amma ita ba ta buƙatar a gaya mata, tun a Eufaula ta san abin da ya kawo su nan.

"Cleophus, kai nake so a gidan nan, da ranka," ta ce. "Na ga yadda aka sa Elroy a rami. In abin ya dawo, madalla, ina maraba. In bai dawo ba, za mu nemi dabara, ba yara ba ne mu. Amma ka daina zama kana kallon jirage kai kaɗai kamar wanda aka yi wa rasuwa."

Ya rasa inda zai sa idonsa. Ya buɗe baki zai ce wani abu, igiyar ruwa ta zo ta doke shi a baya, ya zauna daɓas cikin teku da wandonsa da walat ɗinsa da maficin coci. Hularsa ta kama hanya. Ozella ta bi ta da sabon iyonta ta kamo, ta dawo ta kifa masa a ka tana ɗiga. A nan zaune cikin ruwa ya fara dariya, irin wadda rabonsa da ita tun kafin rasuwar wansa, kuma da ya share fuska ba ruwan teku kaɗai ya share ba.

Da yamma suka shiga wani gidan abinci a bakin ruwa, wandonsa bai gama bushewa ba. Ya duba abin da suke da shi ya ce bari su gwada tarwaɗarsu a gani ko sun iya. Ozella ta ce shi dai ya gwada, ita kawa za ta ci, naman nan na teku da ke cikin ƙwanso. Ya ce yaushe ta fara cin kawa. Ta ajiye cokali ta ce tun da yau ranar faɗin gaskiya ce, to ita tarwaɗa ta fita ranta tun tana da cikin Renita, ko warinta ba ta so.

Cleophus ya saki baki. Ya ce to duk farantin da yake zuba mata kullum in an tashi fa? Ta ce maƙwabcinsu da karensa sun daɗe suna sa masa albarka. Ya tambaye ta me ya hana ta faɗa, ta ce yaushe, ta taga? Ya jujjuya maganar, sannan ya kira mai kawo abinci ya ce a kawo kawa faranti biyu. Ya ci guda ɗaya, ya yamutsa fuska, ya tura mata sauran.

Ranar Litinin suka shiga wurin likita tare. Ozella ce ta yi yawancin tambayoyin, ba kunya ba kewaye-kewaye, shi yana kallon takalminsa yana gyaɗa kai. Da za su fita Likita Arroyo ta ce ya gaishe mata da abokin nan nasa. Ya ce zai ji, ai ga shi ya ji.

Sauran zaman nasu ya zo da daɗi fiye da yadda suka zata. Gaskiya jikinsa ya ɗan yi laushi, fitsari ya riƙa yi masa zafi yana kuma matsa masa, har ya san duk inda bayi yake tsakanin gida da cibiya. Amma da an gama gashi da safe, yini nasu ne. Suka hau jirgin da ke tsallaka kogi ba don suna da inda za su ba. Suka shiga gidan kallon dabbobi, suka ci abincin mutanen da ba su taɓa jin sunan ƙasarsu ba. Ya gano tana son fim ɗin ban tsoro, ita kuma ta gano ya iya zane, ya zana ta a bayan takardar goge hannu har ta yi kama. A liyafar da cibiyar ke yi wa marasa lafiya da iyalansu aka sa kiɗan zamaninsu, Orrin ya ja Marlys suna tsalle kamar ana sheƙa masara, Cleophus ya tashi ya miƙa wa Ozella hannu. Ashe ƙafar ba ta manta ba. Aka buɗe musu fili, dattawa suna buga gorunan ruwa a tebur.

Orrin ya riga shi gamawa. A cibiyar akwai ƙararrawa a bango wadda duk wanda ya kammala yake kaɗawa, shi kuwa ya kaɗa har igiyar ta tsinke a hannunsa, ya ce zai tafi da ita gida. Da zai tafi ya rungume Cleophus, ya yi ta bubbuga masa kafaɗa. Washegari wani sabon shiga ya shigo yana rarraba ido, rungume da gorar ruwa, ya nufi lungu. Cleophus ya ji kansa yana ce masa ya zo nan kusa da ƙofa.

Da ranarsa ta zo, Renita ta rufe shago, abin da ba a taɓa yi ba in ba rasuwa aka yi ba, ta kwaso yara da jikoki a mota biyu. Ya kaɗa ƙararrawar sau ɗaya a hankali, ya miƙa wa Ozella sabuwar igiyar ya ce ita ma ta kaɗa, tare suka yi zaman.

Sun koma Eufaula sun tarar da shago bai rushe ba. Renita ta ƙara gasasshen kifi da ganye a cikin abin da ake sayarwa, kuma mutane na saye. Ya ɗanɗana, ya ce gishiri ya yi kaɗan, ya cinye. Ya koma gaban wuta amma rabin mako kawai, sauran ya bar mata. Duk bayan 'yan watanni yakan je Dothan a ɗebi jini, kuma kowane zuwa alamar cutar ƙasa take yi, har likitan ya ce haka ake so a gani, sai dai za a ci gaba da dubawa shekara da shekaru. Zufar nan ta yi ta raguwa har ta ɗauke. Sauran maganar kuwa tasu ce su biyu, sun ɗauki lokaci, sun kuma karɓi taimakon da likita ya ba su. Matan coci dai sun lura cewa Ozella ta daina tsayawa hira bayan an tashi, kuma ba wadda ta tambaye ta dalili.

Cikin tsakiyar sanyi waya ta yi ƙara a kicin. Orrin ne, yana magana kamar daga gona yake kiran wani. Ya ce nasa jinin ma ya yi kyau, kuma tafkinsu ya daskare har mota na hawa, in Cleophus ya isa masanin kifi ya zo ya nuna. Cleophus ya ce shi mai hankali ne, ba ya taka ruwa da mota. Ozella da ke jin su ta karɓe wayar ta tambayi Marlys irin takalmin da za su saya.

Haka aka wayi gari mutumin Alabama yana zaune kan bokiti a cikin wata 'yar bukkar katako a tsakiyar tafki, an naɗe shi da riguna har ba ya iya lanƙwasa hannu, yana kallon rami a cikin ƙanƙara. Orrin na ta zuba, shi kuwa haƙoransa na kaɗawa. Tun safe ba abin da ya taɓa ƙugiyarsa. Can sai suka ji ihu daga ɗaya bukkar, Marlys ta leƙo ta ce su zo da sauri. Suka tarar da Ozella a tsaye ta tokare ƙafa, sandarta ta lanƙwashe, tana ja tana faɗa wa kifin maganganu. Cleophus ya durƙusa bakin ramin, ya cire safar hannu, ya zura hannu cikin ruwan sanyin nan ya cafko shi ta wuya, wani dogo mai ruwan zinariya da manyan idanu, irin da bai taɓa gani ba.

Ya ɗaga shi yana jinjina nauyinsa, ya tambayi Orrin ko akwai garin masara a gidan. Orrin ya ce manomin masara ake tambaya? Ozella ta ce a soya, wannan kam za ta ci, tunda ita ta kama.